Faifan da Na Aro a Taloka

Ni aka sani da jere a unguwarmu ta Wurno. In za a kai amarya, ni ake kira in tsaya a tsakiyar ɗaki in ce wannan kwano ya hau nan, waccan tasa ta sauka can, wannan faifai bai dace da maƙwabcinsa ba. Ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba, amma idona bai taɓa barin abu karkatacce a bango ba. Kuma duk wadda ta taɓa yin jere ta san rabin abin da ke bangon amarya ba nata ba ne, aro ne. Inna ta ba da kwanoni, gwaggo ta ba da tasoshi, maƙwabciya ta kawo faya-fayanta, a cika ɗaki ya yi kyau a idon baƙi. In biki ya watse, ƙafa ta ɗauke, kowa ya aiko a ba shi nasa. Ba mai kiran wannan ƙarya. Baƙin ma sun sani, don su ma haka aka yi a nasu. Abin kunya ɗaya ne a cikin aro, ka karɓa ka kasa mayarwa yadda aka ba ka.

Autata ce ta ɗauko hannuna, sai dai ta juya shi wani wajen. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gabana daga Rabah, ta fara saƙa faifai ba don a rufe ƙwarya ba, don a rataya a bangon falo. Da farko dariya na yi mata. Na ce wa zai sayi marufin fura ya liƙa a bango, ba biki ba suna? Sai ga matan Sakkwato suna kiranta a waya, wasu ma daga nesa. Ta ƙara da ƙananan tabarmi na kan tebur da kwanduna da wani abu kamar malfa da ake kifawa a kan fitila. Aiki ya fi ƙarfin hannunta, ta riƙa raba kaba ga mata a Kwargaba da Rabah, su saƙa, ita ta yi rini ta gyara baki.

Abin da ya hana ta gaba shi ne wurin ajiya. Ɗakin da take tara kaya na ƙasa ne, gara ta san hanyarsa fiye da mu. Wata damina mun ɗaga tarin faya-fayai muka tarar na ƙasa sun zama gari. Kuma lokacin da kaba ke araha ba ta da abin sayenta da yawa, in ta samu abin saye kabar ta yi tsada. Ɗaki na siminti take so, da jarin da za ta sayi kaba a lokacinta. Don haka da ta ji akwai wasu a Sakkwato masu ba mata tallafin sana'a, ta nema. Aka ce mata za a turo wata malama ta zo ta ga wurin aikinta da idonta.

Saƙon ya zo a mummunan lokaci. An yi Sallah ba da daɗewa ba, duk abin kirki da ta saƙa ya tafi. Ɗakin ba komai sai ragowar kaba da 'yan faya-fayai da suka ƙi sayuwa. Ta tsaya a tsakiya tana duban bango.

"Inna, in tat tarar da ɗakin ga haka, cewa za ta yi wasa nike."

Na ce, "To mi aka yi in baƙi za su zo ɗaki ba kaya? Ba aro aka yi ba?"

Ni na faɗa, kuma har yau ban ga laifin maganar ba. Ita ta bi matan Kwargaba da Rabah ta tattaro abin da suka saƙa wa kansu. Ni kuwa na ce bango ba ya tsayuwa sai da abin da ido zai fara sauka a kansa, kuma na san inda yake.

A ƙasar Goronyo aka haife ni. Ina da ƙawa a Taloka, tare muka yi tallan fura muna yara, ta ɗan girme ni, Yaya nake ce mata. Tana da wani faifai da mahaifiyarta ta saƙa. Babba ne, saƙarsa ƙanana har sai ka kai ido kusa kafin ka ga inda zare ya bi. Jansa na karan dafi ne, shekaru sun dafa shi ya koma kamar goron da aka tauna, baƙin kuma bai kwanta ba ko kaɗan. In ka kai shi hanci za ka ji hayaƙin ɗakin tsohuwar da ɗan ƙamshin man shanu. Duk ɗiyar gidan da aka aurar, shi ake sawa a tsakiyar jerenta, in an kwana biyu ya koma cikin adudun Yaya. Kuma tun ɗiyarta ta fari, ni nake hawa turmi in rataya shi da hannuna. Ba a taɓa ba wata wannan aikin ba.

Na je Taloka na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta jawo adudun daga ƙarƙashin gado, ta ɗora hannu a kan murfin.

"Kin san bai taɓa kwana gidan da ba jininmu ba."

"Na sani, Yaya."

"Jikata ta kusa. Ana maganar sa rana."

"Baƙuwar wuni guda za ta yi. Tana tahiya in maido miki shi da ƙahwata."

Ta dube ni, ta yi ɗan murmushi. "Da wata ta zo, da ko ruwa ba ta gama sha ba na sallame ta. Ke kuwa kin fi ni tsare shi." Ta naɗe shi a tsohon zanenta ta miƙo mini. A mota a cinyata na riƙe shi har Wurno, wani mai buhun shinkafa ya matso ni na ce masa ya ja kayansa ko ya sauka.

Na yi jeren ɗakin nan kamar na amaryar da nake ji da ita. Na Kwargaba a ƙasa don sun fi kauri, na Rabah masu rawaya a gefe, 'yan na autata a inda haske ke faɗawa. Faifan Yaya a tsakiya. Da na sauko daga turmi na ja baya na duba, na san ban taɓa yin wanda ya fi shi ba.

Malamar ta zo da hantsi a farar mota, ita da direba. Mace ce mai natsuwa, Kirista 'yar kudancin Kaduna, Hausa a bakinta tsaf, sai dai "me" take cewa inda muke cewa "mi". Ta durƙusa ta gaishe ni, ta cire takalmi a bakin ɗaki ba wanda ya ce mata. Na lura da wannan, ta kwanta mini a rai. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na zauna inda zan ga kowa.

Ta yi ta ɗaukar hoto da wayarta. Ta tambayi inda ake samun kaba, ta tambayi matan da ke saƙa, ta duƙa ta ga ramukan gara a gindin bango ta girgiza kai. Autata tana amsawa daidai, ba rawar murya. Sai malamar ta juya ta dubi bangon gaba ɗaya.

"Duk wannan aikinku ne?"

"Aikinmu na, Malama."

Ban ji komai a raina ba. Ko a ɗakin amarya, in baƙuwa ta yi rashin ta ido ta tambaya, amsar da za a ba ta ke nan.

"Kai, madalla," in ji ta. "To saura abu ɗaya. Manyanmu ba sa yarda da hoto kawai. Sai na tafi da samfuri, su gani, su taɓa da hannunsu."

Ta ɗauki murfin fitila guda. Ta ɗauki 'yar tabarmar tebur. Sannan ta yi ɗage, hannunta ya nufi tsakiyar bango.

Na yi gyaran murya. Autata ta san wannan gyaran muryar tun tana goye, amma ta kafa ido a ƙasa kamar an ce mata allura ta faɗi a wurin.

Na ce, "Malama, wanga tsoho na. Ga sabbi nan sun fi shi haske."

Ta yi dariya. "Ai shi ya sa, Mama. Sabbi kowa na kawowa. Wannan ne zai yi mana magana a gabansu. Kada ki damu, da an gama zama zan dawo da shi da hannuna."

Kalma ɗaya ce a bakina, aro. Amma in na faɗe ta, na mai da ɗiyata maƙaryaciya a gaban baƙuwa, a cikin ɗakinta, ita da ta gama cewa aikinmu ne. Ban taɓa yi wa amaryar wani haka ba, balle tawa. Na jira ta faɗa da kanta. Na ƙura mata ido har na ji idona na zafi. Ba ta ɗago ba. Ina zaune aka naɗe faifan Yaya a takarda, aka sa a jaka, direba ya jefa jakar a kujerar baya ya rufe ƙofa.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba na shiga ɗakin.

"Ke, kurma kika koma?"

"Inna, mi zan ce? In nac ce guda aro na, sai ta ce saura fa? Dut abin da munka yi ya rushe."

"Kayan mutane na."

"Ai ba sata tay yi ba. Ta ce za ta maido."

"Ita tac ce. Ni kuwa mi nic ce ma Yaya?"

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke kika kawo shawarar aro."

Na ce, "Na kawo shawarar aro, ban kawo ta kyauta ba." Na fita na bar ta da bangon da ke da rami a tsakiya.

Washegari muka sauke jeren. Na Kwargaba suka koma Kwargaba, na Rabah suka koma Rabah, kowace mace ta karɓi nata ta yi mana fatan alheri. Tsohon zanen Yaya kaɗai ya rage, na ninke shi na sa a ƙarƙashin matashina. Ban je Taloka ba. Da wane hannu zan shiga gidan?

Aka ce za a yi zaman a makon gaba. Makon ya zo aka ce wani babba ya yi tafiya. Aka sake sa lokaci aka sake ɗagawa. Duk safiya in na idar da salla sai in tambayi autata ko an kira, har ta fara fita ɗebo ruwa kafin in sallame. Abinci ya daina yi mini daɗi. In na ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai in leƙa zaure, ban san wadda nake tsoro ba, farar motar ko ta Goronyo.

Sai ga wani ɗan uwan Yaya, mai kawo kifi daga madatsar ruwa, ya yi sallama ya tsaya a zaure.

"Tac ce a gaishe ki. Tac ce an sa rana, da an kwashe albasa."

"Madalla. Allah shi sanya alheri. Ba ta ce komi ba bayan wanga?"

"A'a, iyakar saƙon ke nan."

Da ta aiko da zagi da ya fi mini sauƙi. Na san Yaya. Ba za ta taɓa buɗe baki ta nemi abinta ba, za ta zauna ne ta ga ko ni ce wadda ta sani. A fadama kuwa ganyen albasa ya riga ya fara kwanciya.

Ran nan na tsaya a kan autata har ta kira malamar a gabana. Ina ganin fuskarta tana sauraro. Ta yi haske, sannan hasken ya gushe. Da ta ajiye wayar ta zauna a bakin gado.

"Sun yi zama. Muna cikin waɗanda anka zaɓa a zagaye na ƙarshe."

"Faifan fa?"

"Shi yaf fi burge su. Za su kai shi Abuja da na sauran, a baje ma masu ba da kuɗɗin su gani. Jibi mota za ta tashi."

"Shi dawo yaushe?"

"Ba ta sani ba. Ta ce wani lokaci su kan riƙe."

Na miƙe na ɗauko zanen Yaya daga ƙarƙashin matashi, na sa a jakata. Ta gane. Ta sauko ta durƙusa ta riƙe ƙafata, abin da rabonta da yi tun tana yarinya.

"Inna, don Allah. Ki ba ni lokaci in saƙa wani awa shi, iri guda. Ina da hoto nai, zan samo karan dafi, in sa shi cikin hayaƙi. Idon tsohuwar ya yi rauni, ba za ta gane ba."

"Hancinta bai yi rauni ba. Kuma ko ba ta gane ba, ni za ni hau turmi in rataya shi ina sane."

"Saura kaɗan, Inna. Ɗakin siminti. Matan Kwargaba sun sa rai. In anka cire mu, wa yas san yaushe za a sake?"

Gaskiya ta faɗa, kuma na ji ta har cikin ƙirjina. Na ga yadda ta kwashe garin faya-fayan nan da tsintsiya waccan damina ba ta yi kuka ba. Na ga yatsunta da kaba ta tsattsaga. Amma na ce mata, "Gobe da sahe za ni Sakkwato. In kin so ki zo, in ba ki so ki kwatanta min wurin."

Da safe na fito na tarar da ita a zaure da mayafinta. Muka shiga motar Sakkwato. Tana kallon taga ta dama, ina kallon ƙeyar direba. A ƙofar ofishin na tsaya na ce mata, "Ki faɗa, ko in faɗa."

Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi. Kafin in ga malamar na ga faifan. Yana rataye a farin bango tare da kayan wasu mata, kuma da farko ban yarda shi ne ba. Yana ƙyalli. An shafe shi da man nan da kafintoci ke shafa wa kujeru, jan ya yi tsanani kamar jiƙaƙƙe. A bakinsa na sama an huda an sa zoben ƙarfe, da wata 'yar takarda a ɗaure da zare. Mu da muke rataya shi da lallausan zare ta bayan saƙa don kada ko tsinke ɗaya ya motsa. Na dafa kujera.

Malamar ta taso da fara'a. "Mama da kanki! Kin ga yadda muka gyara shi? Mun sa an shafa masa mai saboda ƙwari da hanya."

Na buɗe baki, autata ta riga ni.

"Malama, wancan ba namu ba na. Aro munka yi."

Fara'ar ta tsaya a fuskar malamar. "Aro kamar yaya?"

Autata ta faɗa mata duka, tana tsaye, hannuwanta a cikin mayafi. Ta ce kayanta sun ƙare da Sallah. Ta ce na ƙasa da na gefe aikin matan da take ba kaba ne, amma nasu ne na gida. Ta ce murfin fitila da tabarmar nata ne, hannunta. Ta ce faifan kuwa na wata tsohuwa ne a Taloka, wadda ta saƙa shi ta daɗe a ƙasa, kuma za a sa shi a jeren jikarta.

Malamar ta koma ta zauna. Ta cire tabarau ta murza idonta.

"Na tambaye ki. A gaban Mama na tambaye ki."

Na ce, "Malama, a wurinmu in baƙo za shi zo, a kan yi aro a cika ɗaki. Girmama baƙo na. Ba mu yi don cutarki ba."

"Mama, na san aro. Mu ma a garinmu in za a yi biki har kujeru da tukwane na maƙwabta ne. Amma ni ba biki na zo ba. Na tsaya a gaban manyana na ɗaga wannan faifan na ce ga abin da matan Wurno ke yi yau, a ba su. Na sa hannuna. Yanzu in koma in ce musu me?"

Ni dai na san ɗakin amarya, ban san ɗakin da ake tsayawa a rantse a kan abin da ke bango ba. Malamar ta dube mu ta ce, a hankali, kamar mai neman mana hanya, "In kun bar shi ya je Abuja ya dawo, ba wanda zai tambaya. Ni ma zan iya yin kamar ban ji ba. Amma in na cire shi yau, dole in faɗi dalili, kuma za a cire sunanki a wannan zagayen. Ku zaɓa."

Na ji autata ta ja numfashi a gefena. Ban dube ta ba. Na riga na faɗi tawa tun a gida, kuma da ta ce a bar shi, ban san abin da zan yi a ɗakin nan ba. Fanka na juyawa a sama, takardar da ke jikin faifan tana kaɗawa.

"A cire shi," in ji autata.

Malamar da kanta ta hau kujera ta sauko da shi. Ta tsinke takardar. Ta so ta cire zoben, na ce ta bari, kada ramin ya ƙara buɗewa. Da take miƙo mini ta ce, "Ki ba mai shi haƙuri a kan man. Da na sani ba zan bari a taɓa ba." Ga autata kuma ta ce in an sake buɗewa ta nema, ta bar ɗakin yadda yake ko da kaba ce kaɗai a ciki. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ba ta raka mu ƙofa ba.

A mota autata ta rufe fuska da mayafi. Na bar ta. A Wurno ta sauka, ni na wuce Goronyo ban ko sauka ba, don hanyar ba ta da tsaro da yamma a shekarun nan, kuma ba zan iya sake kwana da shi ba.

Na tarar da Yaya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa har awaki, ba ta dubi jakata ba. Na fito da zanen na ajiye a gabanta. Ta goge hannu ta warware.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta shafa shi da tafin hannu, hannun ya zame. Ta sa ɗan yatsa a cikin zoben. Sannan ta ɗaga shi ta kai hanci, ta shaƙa, ta juya bayansa ta sake shaƙa.

"Wa yah huda shi?"

Na faɗa mata tun daga zuwan farar mota har saukowarsa daga bango. Ban rage ba, ban ɗora wa malamar ba, ban ɗora wa autata ba. Na gaya mata an cire yarinyar daga tallafin.

"Kina zaune anka ɗauke shi?"

"Ina zaune."

Ta gyaɗa kai. Ta sake kai shi hanci, kamar ko ta yi kuskure a karon farko.

"Warin kanti shikai," in ji ta. Ta naɗe shi ta sa a adudu, ta tura ƙarƙashin gado da ƙafa. "Kin maido shi. Na gani. Tashi ki ci tuwo, kin sha hanya."

Na ci, don ƙin ci zai zama wata magana.

Aka kwashe albasa, ranar ta zo. Na je da wuri kamar kullum, autata ta biyo ni da murfin fitila da ta saƙa wa amarya gudummawa. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na yi aikina, wannan kwano nan, waccan tasa can. Rabin kayan aro ne, kowa ya sani. Da bango ya cika saura tsakiya, aka mirgino turmi aka kifa. Yaya ta shigo da adudu. 'Yan matan da ke wurin suka ga faifan suka hau cewa kai, ya yi kyau, ya zama sabo, wa ya gyara shi haka?

Na tattare zanena na miƙa hannu. Yaya ba ta ba ni ba. Ta riƙe shi a ƙirji, ta dafa kafaɗar wata jikarta, ta ɗaga ƙafarta mai ciwon gwiwa ta ɗora a kan turmin. Ɗiyarta ta fari ta ce, "Inna, ki bari mana, ga mai yi nan," Yaya ta yi kamar ba ta ji ba. Ta hau da ƙyar. Turmin ya yi girgiɗi, don ƙasan ɗakin ba daidai yake ba.

Na durƙusa na rungume turmin da hannu biyu, na danne shi da ƙirjina. Ina jin rawar ƙafafunta ta cikin itacen. Ta daɗe tana lalubar ƙusa da zoben, idonta ba ya gani sosai. Daga inda nake na ɗaga kai na ga ya karkata hagu kaɗan.

"Ya zauna?" in ji ta, ba ta dubo ƙasa ba.

"Ɗan taɓa shi dama, Yaya."

Ta taɓa.

"Ya zauna," na ce, kuma ban saki turmin ba sai da ƙafafunta biyu suka taka ƙasa.